Ƙodar da Za Ta Koma Jami'a

Akurba, Lafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari, tare da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Zariya lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan ɗaki masu tsoronSa, masu kuma wanke kwanonsu in sun gama ci. Na cusa takardar nan ƙarƙashin zannuwanki don kada ki gan ta sai kin buɗe akwati. Da na miƙa miki hannu da hannu, da kin tsaya karantawa a gabana, ni kuwa ban san inda zan kai idona ba.

Kada ki nemi labarin gida a ciki. Akuyar ba ta haihu ba, wuta ba ta dawo ba, babanku yana nan yana gardama da rediyo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar hannuna ba ta kai ga abin da nake son faɗa ba. Ke kanki kin sha gaya mini cewa hannuna kamar baƙon da ya koyi Hausa a tasha yake: ya iya ciniki, ya iya faɗa, bai iya zance ba. Wasu iyayen suna sallamar 'ya'yansu da labarin inda suka yi daidai. Ni na duba kayana, na ga kurakuraina sun fi yawa, sun kuma fi amfani, don haka su zan ba ki guzuri.

A shekarar da aka ba mu jiha, aka kwaso mu ma'aikata aka zube a Lafiya, ofis ba kujera, gari ba gidan haya, a shekarar sanƙarau ya kama ki. Kina da shekara huɗu. Ya tafi da jinki, ya bar mana ke, kuma mun gode.

Kin san yadda ake yi da 'yar fari a gidajenmu. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ba ta tsura mata ido, balle a gaban surukai. A kan wannan al'adar na rubuta kundin kammala digirina. Na feɗe ta, na kawo ra'ayoyin masana, aka ba ni maki mai kyau. Sannan na haife ki na bi ta filla-filla, kamar ban taɓa shiga aji ba. Ga yaro mai ji, abin ba ya cutarwa. Uwa ta kalli bango ta ce a gaya wa waccan ta zo ta ci abinci, waccan kuma ta ji ta zo. Ke kuwa in ba a kalle ki ba, ba a yi miki magana ba. Na daɗe ina yi wa bango bayani, ina mamakin taurin kanki. Sai ranar da Madam Esta, abokiyar aikina, ta zo gaishe mu, ta zauna tana kallon ikon Allah, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Hajiya, bango ne ka haifa? Yarinya yana nan. Juya ka duba shi."

Na juya. Daga baya kika shiga makarantar kurame, yara suka raɗa miki suna da hannu, yatsa a kan wushirya. Na yi bincike iya ilimina, ban sami inda kakanninmu suka hana uwa taɓa haƙorinta ba. Tun daga ranar nake kiran sunanki son raina, har a gaban kakarki Inna, ita kuwa tana zaton tsakin nama ne ya maƙale mini.

To, ga nasiha ta farko. Duk wanda zai yi miki magana yana kallon wani wuri, ki taɓa shi ya juyo. Malamin da ke bayani fuskarsa na allo, ki same shi bayan darasi ki gaya masa. Ko farfesa ne, wuyansa yana juyawa. Yawancinsu ba mugunta ba ce, ba a taɓa gaya musu ba ne, kamar yadda ni ma sai da aka gaya mini.

Kuskure na biyu na takalmi ne. Kina shekara goma sha uku fuskarki ta fara cika, maƙwabta suna cewa yarinya ta yi kumatu, tubarkalla, ni kuma ina jin daɗi a ɓoye. Kika ce mini takalminki ya matse. Na hau acaɓa na je kasuwa na sayo babba. Bayan ɗan lokaci kika ce shi ma ya matse, na sayo wanda ya fi shi. Sai da Inna ta zo daga Doma, ta danna ƙafarki da yatsa, gurbin ya ƙi tasowa, ta ce wannan ba ƙiba ba ce. Mai digiri ta yi wata da watanni tana maganin ciwon ƙoda da takalmi. Saboda haka in jikinki ya canza, ko kumburi, ko zazzaɓi, ko fitsari ya ragu, ki nufi asibiti a ranar. Kada ki tsaya neman dalili mai daɗin ji. Ni gwanar samo irin waɗannan dalilai ce, ina tsoron kin gada.

Sauran kin san shi a jikinki fiye da ni. Aka tura mu wani babban asibiti a wani gari, muka kama ɗaki, aka fara miki wankin ƙoda. Maganar abin da aka kashe ba zan shiga ba, kin dai san shanun Inna ba ƙaura suka yi ba. Likitoci suka ce wanki jinkiri ne kawai, dashe shi ne magani, kuma kafin a yi wa kowa sai an zauna da iyalinsa. Zaman nan shi ne babban kuskurena, kuma ina so ki ji shi daga inda nake zaune, tunda ke kin gan shi daga inda kike.

Babban likitan dattijo ne mai ladabi, wanda ya daɗe a ƙasar waje har ya manta yadda ake karanta shirun macen Arewa. Inna tana damana, babanku yana haguna, ke kina gefe kina bin bakunanmu da ido. Likitan ya ce, "Hajiya, yarinyar tana fahimtar abin da ake gaya mata?"

Uwar mijina na zaune, ana tambayata in yabi 'yar fari. Na ce, "To, tana dai taɓawa."

"Makaranta fa?"

"Ana dai zuwa." Ke ce ta ɗaya a ajinku a lokacin.

"Za ta iya kula da shan magani da kanta? Safe da dare ne, har ƙarshen rayuwa."

"Yaran yanzu, likita, sai addu'a."

Ya yi rubutu. Sannan ya tambaya wa zai ba da ƙodar. Babanku ciwon suga ya riga ya fitar da shi. Ni kuwa tun ranar da aka ambaci dashe na yanke shawara, har na je a ɓoye an duba mini rukunin jini. Amma in buɗe baki a gaban Inna in ce a tsaga ni saboda 'yata ta fari? Na kalli ƙasa na ce, "Za a duba cikin dangi." Babanku ma bai cece mu ba, shi ma uwarsa ce ke zaune.

Duk macen da ta tashi a gidajenmu, da ta ji amsoshin nan ta san uwa ce ke fashewa da alfahari. Shi likita abin da ya ji dabam: yarinya ba ta ji, ba ta ganewa sosai, uwarta ma ba ta damu ba. Ya rufe fayil a hankali ya ce aikin da suke iya yi a shekara kaɗan ne, ƙoda kuma tana son mai riƙo. Yarinyar da ba za ta ji umarni ba, ba za ta amsa waya ba, kuma ba a ga mai tsaya mata ba, gara a ci gaba da wanki a ga abin da hali zai yi. Ya raka mu har ƙofa. Ba a taɓa hana ni abu cikin mutunci irin na ranar ba. Kuma tun shigarmu har fitarmu, ba wanda ya tambaye ki ko da sunanki.

A cikin tasi hannuwanki suka fara aiki kamar mai kaɗa miya. Inna ta ce me take cewa. Na ce, "Ta ce ko mai gwanjo ya fi ni iya yabon kayansa."

Da muka wuce shataletale, Inna ta ce, "Bilkisu, ni kike jin wa kunya?"

Na ce, "Inna, ai haka muka taras."

Ta ce, "Mun taras da ita don a ga tarbiyya, ba don a yi jana'iza ba. Na yafe. Ki naɗe ta ki sa a jakarki, in mun koma Lafiya da jikata a tsaye sai ki warware ki ci gaba daga inda kika tsaya." Ta juya wajen babanku. "Kai ma na gan ka. Da baki kamar an ɗinke."

Direba ya ƙara muryar rediyo don ya ɓoye dariyarsa.

Nasihar a nan gajeriya ce. Kawaici ado ne a tsakanin waɗanda suka san shi. A gaban wanda zai yanke hukunci a kan lafiyarki, ko karatunki, ko haƙƙinki, ki faɗi abu yadda yake. In kin iya, ki ce kin iya. In kina so, ki ce kina so. Mai fayil abin da aka faɗa yake rubutawa.

Da labari ya kai gida, ba kowa ne ya ga laifin likita ba. Goggonki Larai ta bugo waya ta ce a tsaga mai lafiya saboda bebiya, sauran yaran fa? Na miƙa wa Inna wayar. Ban san abin da ta gaya mata da Fulatanci ba, amma har yau Goggo Larai ce ke fara aiko miki da kayan sallah.

Muka nemi a sake zama, aka ba mu rana. Kuma tunda an sake ni, sai na zarce. Wannan shi ne kuskure na huɗu, kuma ya fi sauran nauyi a raina. Muna kan benci muna jira, ina bitar jawabina a fili: yarinya ta ɗaya a lissafi, mai basira, wadda za ta amfani ƙasa, asara ne a bar irinta. Kusa da ni Maman Ayuba ce. Kin tuna Ayuba, wanda gadonsa ke kusa da naki a ɗakin wanki, wanda aka haifa da jinkirin fahimta, mai gaishe da kowa har injin. Su ma an ce musu a ci gaba da wanki. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah Ya ba ku sa'a, Hajiya. Mu namu ba ya cin jarrabawa. Wake dai ya iya tsincewa, tas."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya shige ni. Ke kuma kin karanta bakinta. Kika taɓa gwiwata kika ce da hannu, "In da ni ce ta ƙarshe a aji fa? Sai ki riƙe ƙodarki?"

Nan take aka kira mu. A takarda zan iya amsawa: a'a. Na shirya in yi miki irin awon da likita ya yi miki, na canza ma'auni kawai don ya dace da 'yata. Shi ya ce kurma ba ta cancanta ba, ni na ce ta cancanta saboda tana da ƙwaƙwalwa, mu biyun duka muna tambayar amfanin da yaro zai yi kafin a bar shi ya rayu. Kada ki yarda a sa ki sayi lafiyarki da maki. Ki ci jarrabawa don kina so, ba don biyan bashin numfashi ba.

Da muka shiga, kika nuna mana kujerun baya, ni da Inna da babanku, muka zauna kamar 'yan rakiyar amarya. Kika ja kujera gaban teburin likita, kika fito da 'yar wayarki mai tocila, kika rubuta, kika juya masa fuskarta. Ya gyara tabarau ya karanta a fili: "Ina kwana, likita. Ni ce mai ciwon. Ka tambaye ni."

Ya dube ki kamar yau ya fara ganinki, kuma gaskiya ne. Ya jawo takarda, ya rubuta tambaya, kika rubuta amsa. Magungunanki da lokutansu. Abin da za ki yi in kin ji zazzaɓi. Yadda za a same ki in sakamakon jini ya fito, kika ɗaga wayar kika nuna masa inda saƙo ke shigowa. Can sai kika rubuta taki tambayar, ya karanta, ya yi dariya har ya cire tabarau. Abokiyar aikinsa ta ce mene ne. Ya ce, "Wai cikin marasa lafiyana masu kunne biyu, nawa ne ke jin maganata?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka amsa."

Kika sake karɓar takardar. Wannan karon bai yi dariya ba. Daga baya kika gaya mini abin da kika rubuta: Ayuba ya san ƙwayoyinsa da launinsu, uwarsa ba ta taɓa fashin kawo shi ba, a tambaye shi shi ma. Likitan ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce wa abokiyar aikinsa a sa musu rana. Zan faɗi gaskiyarsa: ba kowane babba ne yarinya za ta gyara a gaban ƙananansa ya karɓa ba. Tambayoyinsa ma ba na banza ba ne, ƙoda tana son mai riƙo. Ya dai yi su ga wadda ba ita ce mai amsar ba, ya kuma ɗauka nakasa ta riga ta amsa. Wane yaro ne, mai ji ko marar ji, yake shan magani shekara da shekaru ba tare da wani ya tsaya masa ba?

Ya ɗago ya ce, "Saura mai bayarwa."

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu har sai da na ji a haƙarƙari. Na miƙe tsaye, ban san dalili ba, kamar 'yar firamare. Na ce, "Ni ce. 'Yata ce, ina sonta, tawa za a ɗauka." Inna ta kalli silin kamar ba ta ji ba, don ta rage mini nauyi. Babanku ya shiga neman wani abu a aljihu. Ke kuwa kin waiwayo kin karanta bakina sarai, kika ce da hannu, "Maimaita, ban gani ba." Ja'ira.

Gwaje-gwaje suka dace, aka yi aiki. Abin da na fi tunawa bayan na farfaɗo shi ne babanku yana shigowa da sauri, hula a karkace, yana sanar da ni cewa kin yi fitsari, da yawa. Ban taɓa ganin dattawa masu mutunci suna taya juna murnar fitsari ba sai ranar. Har waya aka buga Doma. Da aka bar Inna ta gan ki, ta rangaɗa guɗa a wurin da aka hana ko tari, ta kama hannunki ta ɗora a maƙogwaronta don ki ji rabonki. Nas ta zo korarta, ta tsaya tana kallo. Shekara ta zagayo aka yi wa Ayuba da ƙodar babansa. Uwarsa ta ce in gaya miki ya yi ƙiba ta gaskiya, ta danna ta gani.

Yanzu ga abin da ya rage. Ƙodar da ke jikinki ta taɓa yin jami'ar nan sau ɗaya. Ta san hanyar laburare, ta san hanyar masu tsire fiye da haka, kuma ba ta saba da wahala ba. Ki ba ta ruwa. Maganinki safe da dare, ko ana jarrabawa, ko ana biki, ko kina jin garau, musamman in kina jin garau. Kada ki sha maganin ciwon jiki na kemis don wata ta ce yana yi mata aiki. Duk wanda ya kawo miki jiƙo ko sassaƙe, ki gode masa ki ba shuka. Maganar azumi likitanki za ki tambaya, ba 'yar ɗakinku da ta fi kowa dogon hijabi ba. In wani ya fara zarya, ki gaya masa komai tun da wuri, tabon da maganin da asibitin. Wanda zai gudu ya gudu tun takalminsa na ƙafarsa. Wanda ya tsaya kuma ya koyi maganar hannu, kuma ya fi ni iyawa, wannan ba wuya.

Na san kin ga ina ta shirin biyo ki don in kai ki asibitin da za su ci gaba da duba ki a can. Na nemi hutu a ofis, har na sa an yi mini ɗinki. Na fasa. Na san kaina: in na shiga ɗakin, likita zai kalle ni, ni kuma bakina zai buɗe, ko in rage ki ko in ƙara, kuma kin ga yadda nake yi da kowanne. Takardar asibitinki tana aljihun akwati. Ki je ke kaɗai, ki ja kujera gaban tebur. In sun tambayi wa ya rako ki, ki ce kin zo da uwarki, tana ciki, tana aiki.

Allah Ya tsare ki da tsarewarSa, Ya kiyaye jikinki da imaninki, Ya sa abin da aka dasa ya daɗe yana yi miki hidima. Ya ba ki malamai masu juyowa, da ƙawaye na gari, Ya dawo mana da ke lafiya. Babanku yana sa miki albarka. Inna ta ce ki ci abinci.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Bilkisu